Tsofaffin kyamarorin akwati na Faransa, ya ake gane wanda ya ƙera su?

Ɗan_Damagaram:
Assalamu alaikum jama'a. Karatu nake a Lille, ranar lahadin nan na leƙa irin gwanjon da mutanen unguwa ke fito da tarkacen gidajensu bakin titi, vide-grenier suke ce masa, na samo tsofaffin kyamarori biyu yuro 8 duka. Ɗaya baƙar roba ce mai tauri da nauyi, an rubuta Photax a gabanta, amma in na danna ba ta motsi sam. Ɗayar kuma akwati ce sak, kwali aka lulluɓe da wani abu mai kama da fata, ga ɗan gilashi biyu na leƙawa, babu sunan kamfani ko ɗaya sai "Breveté S.G.D.G." da haruffan P da I kusa da ɗan ƙarfen ɗauka. Wlh sun shiga raina, so nake in fara tarawa amma ba na son tara abin da ban san asalinsa ba. Dan Allah masana a taimaka.

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam ɗana. Photax ɗin nan kar ka matsa mata da ƙarfi, lafiyarta lau in sha Allah, murɗo idon za ka yi ya fito waje har ya tsaya sannan za ta yarda ta ɗauka, haka aka yi ta. Kamfanin MIOM ne na Vitry-sur-Seine kusa da Paris, asalinsu masu zuba kayan bakalayit ne, wato irin baƙar roba mai taurin nan ta jikinta, sun fara ta tun 1937 kuma sun daɗe suna yi har bayan yaƙin duniya na biyu shi ya sa ta cika ko'ina kuma take araha. In ka buɗe bayanta za ka ga inda fim ke kwanciya a lanƙwashe yake, da gangan ne, gilashin idon ɗaya tak ne mara tsada to lanƙwasar ce ke hana gefen hoto yin dishi-dishi. Ka kiyaye ta da faɗuwa dai, bakalayit ba ya lotsewa, tsagewa yake, kuma da ya tsage haske ya samu hanyar shiga kenan.

P da I kuwa, I ɗauka ce ta ƙiftawar ido, P kuma idon zai zauna a buɗe a shiga da haske iya son ranka. S.G.D.G. ba sunan kamfani ba ne, tambarin rajistar ƙirƙira ne da dokar Faransa ta sa ake bugawa daga 1844 zuwa 1968, iyaka dai ya nuna maka an yi rajistarta a can.

Hajiya_Lyon:
Ƙanina ita ta kwalin nan ita ce mai wahala kam. Abin da mutane ba su lura da shi ba, sunan da ke fuskar akwatin ma ba lallai shi ne maƙerin ba, Goldstein na Paris masu kyamarar Goldy sun riƙa yin akwati iri ɗaya suna canja farantin gaba kawai a sayar da wani suna daban, sannan Coronet kamfanin Birmingham ne a Ingila amma kamfanin Tiranty sun riƙa haɗa musu a Paris, sai ka ga suna na Ingila da rubutun Faransanci. Don haka ni ba fuska nake fara dubawa ba. Ja marikin naɗe fim waje, zaro cikin, ka haska tocilan jikin murfin baya, sau tari akwai 'yar takarda manne tana tallar irin fim ɗin da za a saka, kamfanin Lumière misali nasu fim suke talla a cikin kyamararsu Scoutbox. Sannan ka kalli siffar marikin da inda jar tagar baya ta ganin lambar hoto take da yadda aka ɗaure hannun ɗauka a sama, ka je shafin collection-appareils.fr ka yi ta gwadawa da hotunan da ke can. Aikin haƙuri ne amma nan daɗin yake wlh. In ka ci karo da Ultra-Fex kar ka bar ta, 'yar garinmu ce, a nan Lyon aka yi ta.

Ɗan_Damagaram:
Baba Allah ya ƙara girma, na murɗa ta fito kuma ta yi ƙas! Yaya na zaro cikin ta kwalin, ba takarda amma akwai kwarkwaron ƙarfe siriri a ciki. Yanzu fim fa, ana samu kuwa?

Baba Mai Hoto:
Madalla. Kwarkwaron nan ka adana shi fiye da kyamarar ma, siriri na ƙarfe alamar fim samfurin 620 ne, wanda Kodak suka daina yi tun 1995. Amma fim ɗin da samfurin 120 da ake sayarwa har gobe abu ɗaya ne, kwarkwaron ne ya bambanta, sai ka shiga ɗaki mai duhu ƙirin ka warware ka naɗe a kan siririn. Biyu kake buƙata, duba cikin Photax ko akwai wani. Hoto 8 Photax za ta ba ka masu faɗin santimita 6 da 9, ka sa fim mai ISO 100, wato lambar saurin kama haske, rana a bayanka, ka manna kyamarar da cikinka ka riƙe numfashi, jar tagar kuma ka rufe ta da baƙin salatif sai lokacin naɗewa. In an wanke ka turo mana mu gani.