Ranar da aka kashe shugaba: me kuka gani kuna yara?

Malam na Fagge:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya jikana ya miƙo mini takardar naira ashirin yana tambaya ko wane ne sojan da ke jikinta, sai ga ni ina ba shi labarin safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, ranar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cunkoson motoci a Ikoyi yana hanyarsa ta zuwa barikin Dodan. Ina aji huɗu a lokacin. Mun fita tara, amma aka ƙi kaɗa ƙararrawar komawa aji, domin malamai duka sun taru a gindin darbejiya sun kewaye 'yar rediyon hedimasta, wadda ba ta fitar da komai sai kiɗan soja da muryar Laftanar Kanar Dimka. Babu wanda ya yi mana bayani, aka ce kowa ya tafi gida kada ya tsaya wasa a hanya. Na tarar mahaifina, wanda tela ne, ya rufe keken ɗinkinsa da zane tun kafin lokacin masallaci, abin da ban taɓa gani ba. Da aka kawo gawar Kano, ya ɗora ni a kafaɗa don in hangi jama'a, kuma a ranar na fara ganin hawayensa. Mutumin nan kwana ɗari biyu kacal ya yi yana mulki, yana da shekara 37, kuma kwana goma kafin rasuwarsa ya mayar da jihohi 12 zuwa 19 tare da sanar da ɗauke babban birni daga Legas. Ina roƙon duk wanda irin wannan rana ta riske shi yana yaro ya gaya mana yadda labarin ya iso masa.

Hajiya ta Unguwar Sarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka taɓo mini tsohon miki, sai dai nawa ya girmi naka da shekara goma. A daren wayewar Asabar, 15 ga Janairun 1966, muna cikin goman ƙarshe na azumi, Inna ta tashi dumamen sahur ni kuma ina riƙe mata fitila, sai muka riƙa jin rugugi daga wajen gidan Firimiya. Na tambaye ta ko ruwa za a yi, alhali hunturu ake ciki, ta toshe mini baki ta hure fitilar. Da gari ya waye maƙwabta suka yi ta shigowa suna salati, a nan na tsinci cewa sojoji a ƙarƙashin Manjo Nzeogwu sun kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. Mutuwarta ce ta fi tsaya mini a rai, saboda a hankalina na 'yar shekara takwas ban ɗauka soja zai iya harbin mace a gidan mijinta ba. Sallar bana, kamar yadda Inna ta riƙa faɗa, ta zo mana a bushe. An ɗinka mini atamfa amma ba a bar mu yawon sallah ba. Har yau idan na bi ta Gidan Arewa sai na yi musu addu'a. Allah Ya jiƙansu da rahama.

'Yar Bauchi:
Amin, Hajiya. Mu kwanaki muka yi cikin zullumi, domin an ce an ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa amma ba a san inda yake ba, kakata kuwa kullum sai ta ce yana nan da ransa. Sai bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas, aka kawo ta gida Bauchi. Kakar tawa ta yini ba ta ce uffan ba.

Ɗan Damagaram:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki ko da yake ni ƙarami ne a cikinku. Ina da shekara 11 ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999, lokacin da dogaran fadar shugaban ƙasa suka buɗe wa Janar Ibrahim Bare Mainasara wuta a filin jirgin Yamai yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu. Da Firaminista ya yi jawabi ya kira abin mummunan haɗari, na amince da zuciya ɗaya, har na tambayi kawuna ko jirgin ne ya faɗi. Bai amsa mini ba, ya murɗa rediyo zuwa sashen Hausa na BBC, ya rage murya, manyan gidan suka matso suka kasa kunne, daga nan na gane harbe shi aka yi. Bayan kwana biyu Manjo Dauda Malam Wanke, shugaban dogaran, ya hau mulki. Kawuna ba ya goyon bayan Bare tun juyin mulkinsa na 1996, amma daren nan ya ture kwanon tuwo, ya hana mu kunna kaset.

Malam na Fagge:
Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Hajiya, zan karanta wa jikan nawa labarin fitilar nan idan ya taso daga Islamiyya.