Za a gina mana sabon garejin sashen ayyuka, me zan dage a kai?

Mai Kula da Motoci:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da motocin sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu, kuma an sa ni a kwamitin tsara sabon gareji. Muna da tifa uku, gireda ɗaya, motocin kwashe shara da tankar ruwa. Zanen da aka kawo mana ya ba ofisoshi gaban fili gaba ɗaya, har da ɗakin taro, motoci kuma an cusa su can baya da ƙofa ɗaya tal. Hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in dage a kai a zama na gaba?

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗauki tef ka auna motarka mafi girma kafin ka sake kallon zanen nan. Ba tsayinta a tsaye kawai ba, ka sa direba ya ɗaga bodin tifa har ƙarshe, ka auna. A nan ake cin mutane. Ƙofa mai tsayin mita 4.5 za ta shigar da motar, amma in rufin bai da tsawo, duk gyaran da ke buƙatar ɗaga bodi a waje za a yi shi, cikin rana da ruwan sama.

Ƙofa ɗaya kuwa, kada ka yarda. Mota ta shiga ta nan ta fita ta can. Direban babbar mota ba ya ganin bayansa sosai, yawan ribas a wurin da leburori ke zirga-zirga neman magana ne. Ofis dai ko ina aka ajiye shi zai zauna.

Injiniya:
Gaskiyar Baba ce, sai dai ni daga ƙasa zan fara. An yi gwajin ƙasar filin? In laka ce mai kumbura da damina, daben kankare zai tsattsage komai yawan rodin da aka zuba. Inda manyan motoci ke juyawa kuma kankare ya fi kwalta, don dizal da baƙin mai suna narka kwalta.

Sannan ka tambayi ina ruwan wankin mota zai bi. Ana buƙatar ramin da ke raba mai da ruwa kafin ya faɗa magudana. Tankin dizal kuma a kewaye shi da katangar da za ta tare man in ya tsiyaye. A ƙasashe da dama ƙa'idar ita ce ta iya ɗaukar kashi 110 cikin 100 na abin da tankin ke ci.

Mai Kula da Motoci:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, gwajin ƙasa ba ya cikin takardun da aka ba mu, zan nema a rubuce. Baba, ramin gyara fa, mu haƙa ko mu sa jak na lantarki?

Tsohon Makanike:
Ku haƙa, amma a yi masa matakala ta gefe biyu, da fitila, da hanyar fitar da ruwa. Kuma ka tafi da direban gireda zaman nan, ya nuna musu da kansa filin da yake ci in zai yi kwana.