Ƙanina ya hana ni sakat da fim ɗin yaƙin sararin samaniya, ku ba ni shawara

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina yana karatun kimiyya a jami'ar Ɗanfodiyo, kuma tunda ya shiga aji biyu ba a kallon fim da shi lafiya. Jiya a fim ɗin da muka kalla wasu halittu suka zo daga wata duniya a jirgi kamar rabin garin Sakkwato, suka sauko suna bin sojoji lungu-lungu da bindiga. Ni jikina har tsuma yake, shi ko sai dariya. Wai "Yaya, wanda ya ƙetaro taurari mi zai sa ya sauko kokawa?" Na rasa amsa gaban matata. Don Allah ta ina ake gano irin wannan giɓin a dabarun yaƙinsu? Ina son ranar Juma'a in riga shi.

Tsohon Soja, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙanen naka ya yi gaskiya. Mai dogon makami ba ya matsowa kusa da mai gajere. Nan garin Sakkwato aka gwada mana. Ranar 15 ga Maris 1903 da sojojin Ingila suka fuskanci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a bayan ganuwa, ba su zo inda mashi da takobi za su kai gare su ba. Daga nesa suka buɗe bindiga mai ruwa da igwa, kafin azahar an gama. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar, tazara ce ta yi aiki. To duk fim ɗin da ka ga mai ƙarfi ya ajiye abin da ya fi abokin gabarsa da shi, ba a kuma faɗa maka dalili ba, kama shi nan. Sannan ka riƙa tambayar guzuri. Dubban mayaƙan nan mi suke ci, ina ruwansu, wa ke kawo harsashi? Mu a daji yunwa ta fi harbi ba mu tsoro.

Malamar Kimiyya:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Kada ka ɓata bakinka kan ƙarar fashewa a sararin samaniya. Gaskiya ne babu iskar da za ta ɗauki sauti a can, amma wannan ado ne, kowa ya sani. Nemi kuskuren da ke sauya sakamakon yaƙin. Saƙon rediyo daga nan zuwa duniyar Mas yana cin minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Kwamandan da ke zaune a ƙasa yana cewa "harba yanzu" ga dakarun da ke can, kafin muryarsa ta isa an yi jana'iza. Haka tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, tana sama da mu da kusan kilomita 400, tana gudun kilomita 28,000 a awa. Jirage masu irin wannan gudun ba sa tsayawa gaba da gaba suna musayar wuta kamar 'yan dambe.

Na Gawon Nama:
Malama, ni fa ina ganin ana wuce gona da iri. Tun 1898 marubucin Ingila H.G. Wells ya rubuta labarin da ƙwayoyin cuta suka kashe maharan da suka zo duniyarmu daga Mas bayan bindiga ta gaza. Wani zai ce masu wannan ilimin ba su san cuta ba? Amma girman kai ya sha kayar da manyan runduna. Kuskuren da mutum zai iya yi ba giɓi ba ne.

Tsohon Soja, Runjin Sambo:
Na yarda, in labarin ya nuna mana girman kan tun farko. In sai a minti goman ƙarshe wautar ta faɗo don jarumi ya tsira, marubucin ne ya gaji.

Ɗan Mabera:
Na gode Baba, na gode Malama. Na rubuta tazara, guzuri da jinkirin saƙo a bayan katin caji. Matsalar yanzu ƙanen nawa yana cikin wannan zauren, ya turo mini alamar dariya.