Wa ke jan wa a saiwa: maikirotubul ko selulos?

Mai Madubi: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Wai a ce har yau akwai masu soke wa ɗalibi maki don ya rubuta cewa maikirotubul, siraran bututun furotin da ke cikin ƙwaya, ne jagoran selulos, zaren da ke ƙarfafa bangon ƙwayar halitta ta tsiro! A yankin da saiwa ke ƙara tsawo, maikirotubul suna kwance a gicciye ƙarƙashin fatar ƙwaya, zaren selulos ma a gicciye yake, kamar ɗamara. Matsin ruwan ciki ya rasa hanyar buɗa gefe, sai ƙwayar ta miƙe. Tun 1963 Ledbetter da Porter suka ga wannan daidaito. Me ya rage?

Malamar Botani: Malam, kalmar "jagora" ce ta yi nauyi. Biyu sun jera ba ya nufin ɗaya ke jan ɗaya. Ɗauki Arabidopsis, ɗan tsiron da ake gwaji da shi, mai tawayar gado da ake kira mor1-1, ka mai da shi zafin digiri 29 na Salshiyos. Maikirotubul za su gajarce su watse, saiwa ta kumbura, amma zaren selulos yana nan a gicciye abinsa. Jagora ya ɓace, ayari bai kauce ba.

Mai Madubi: Malama, to aikin Paredez da abokansa na 2006 fa? An liƙa wa CESA6, ɗaya daga furotin CESA masu saƙa selulos, alama mai haske, aka ga injin saƙar selulos yana bin layin maikirotubul, kusan nanomita 330 a minti. Daga baya aka gano CSI1, furotin da ke ɗaure injin da maikirotubul. In wannan ba jagoranci ba ne, mene ne sunansa?

Malamar Botani: Titi ne. Ƙarfin tafiyar daga saƙar selulos ɗin kanta yake fitowa, maikirotubul ba ya tura kowa. A cikin aikin da ka ambata ma, da aka rushe maikirotubul da maganin orizalin injin bai tsaya ba.

Ɗalibin Digiri na Biyu: Allah ya gafarta Malama, ai titi ma jagora ne. Duk inda ya karkata can mota za ta bi.

Baban Lab: Yaro, mota ta san hanya ko kwalta ta ƙare. Ni matsalata da ku duka ita ce shirya samfur. Wanda ya jefa saiwa cikin ruwan ƙanƙara ya riga ya narkar da maikirotubul kafin ya duba. A kafe ta a farafomaldehaid, sinadarin da ke daskarar da samfur yadda yake, kashi 4 cikin ɗari, da PIPES da EGTA da magnesiyam, pH wajen 6.9, a ɗumin ɗaki. EGTA na kama kalsiyam, don kalsiyam na wargaza maikirotubul. Orizalin kuma a ruwan sinadarin DMSO ake narkar da shi, kada DMSO ya haura kashi 0.1 cikin ɗari a faranti, kuma a ajiye farantin kwatance mai DMSO kawai, ba orizalin. In babu wannan, kumburin wa kake aunawa?

Na Gona: Tun ɗazu kuna ta "saiwa". Mu jijiya muke cewa.

Baban Lab: Jijiya ta jini ce, Alhaji.

Na Gona: Ranka ya daɗe, je kasuwar masu magani ka nemi jijiyar itace ka gani ko za a ce ba a gane ba. Amma dai ga abin da ido ke gani: fendimetalin da tirafuluralin da ake fesa wa ciyawa dangin orizalin ne. Tuge ciyawar da ta sha su, bakin jijiyar gajere ne, ya kumbura kamar kan kulki. Wannan ya goyi bayan Mai Madubi.

Malamar Botani: Bai goya ba. Wannan magani na hana ƙwaya rabuwa ma, ka haɗa ciwo biyu a ƙwarya ɗaya. Kuma aisoksaben, da ke toshe saƙar selulos kai tsaye, shi ma yana kumbura saiwa, har ya birkita jerin maikirotubul ɗin. Bango ma yana mayar da magana.

Ɗalibin Digiri na Biyu: To Arabidopsis masu tawayar lefty1 da lefty2 fa? Tawayar a tubulin take, furotin da ake gina maikirotubul da shi, jerin ya karkace, saiwa ta murɗe hagu.

Baban Lab: A kan wane kaurin aga, daskararren abin da ake shuka a kai a faranti? Faranti a tsaye ko a jingine? Murɗewa na canzawa da waɗannan.

Mai Madubi: Bari in tattara, tunda ni na buɗe zancen. Kowa ya yarda CESA na bin maikirotubul, kowa ya yarda in an rushe su saiwa na kumbura, lefty kuma ya rufe bakin masu musu. mor1-1 ɗan togaciya ne kawai. Jagora dai jagora ne, a mayar wa ɗalibi makinsa.

Malamar Botani: "Kowa" wa? Ka tsallake aisoksaben gaba ɗaya, Malam. Kuma ba ka gaya mana ko a fatar saiwa ka duba ko a ƙwayoyin ciki ba.