Ina za mu riƙa cin abinci idan muka je hutu bakin tafkunan Filato?

Habibu, Samaru:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. Idan Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, ina da niyyar ɗaukar uwargida da yaranmu uku mu yi kwana huɗu a Jos, domin yaran sun daɗe suna jin labarin duwatsu da sanyin garin, alhali iyakar saninsu game da dutse da ruwa shi ne Kufena da madatsar ruwa ta jami'a. Shirina shi ne mu yini ɗaya a bakin tafkin Rayfield, mu yi wani yinin a wajen madatsar Lamingo da gindin duwatsun Shere, sannan idan hali ya yi mu leƙa Kura Falls. Masauki ya samu a gidan wani abokin aiki da zai yi tafiya, saura batun ciki. Ba na sha'awar abincin manyan otal, saboda ban da tsada, soyayyar shinkafar da za a kawo maka ita ce dai wadda za ka ci a Kaduna ko Abuja. So nake mu riƙa tsayawa a ƙananan gidajen abinci da rumfunan shayi na garuruwan da ke kusa da ruwan. Sai dai uwargida ta kafe a kan abu biyu, wato yanka da tsafta, har tana cewa gara ta yi girki a kula mu tafi da shi. Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya da iyali, yaya ya yi?

Hajiya Rabi, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ni ina bayan uwargidanka, kuma kada ka ga kamar son kai ne na mata. Shekarun baya mun je biki Bukur, muka tsaya a wani gidan abinci da ba zan ambaci sunansa ba, aka kawo mana shinkafa da haɗin kabeji da karas, ganyen ya yi kyau a ido har na ƙara wa ƙaramar 'yata nawa. Daren nan ba mu runtsa ba, washegari kuma maimakon wurin ɗaurin aure sai muka ƙare a kantin magani. Tun daga ranar ba na barin gida sai da dambun nama da soyayyar kaza da cincin da garin kunu. Idan kun ga dole sai kun ci a waje, to ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku, ku bar ɗanyen ganye, ku sha ruwan roba wanda ku kuka ɓalle murfinsa.

Malam Ɗanliti direba, Kwangila:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, sharaɗinki na ƙarshe gaskiya ne, amma a yi mini afuwa, ban yarda a je Filato da kula ba. Na shafe shekaru ina jigilar fasinja daga Kwangila zuwa Jos ta Soba da Pambeguwa da Saminaka da Jingir, kuma abincin da aka zuba a kula tun asuba a Zariya, kafin la'asar ya fi wanda ake tsoro haɗari, musamman idan da wake ko miyar ganye a ciki. Dambun nama da cincin kam a riƙe su saboda yara.

Malam Habibu, abin da ya kamata ka fara sani shi ne lokaci. Ƙananan gidajen abinci na waɗannan garuruwa ba sa girki domin baƙo, suna yi ne domin ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobi, saboda haka tukunya ɗaya ce, a sauke ta wajen sha biyu, kafin ƙarfe uku an kankare. Na taɓa kai wasu baƙi bakin ruwa suka shagala da ɗaukar hoto, muka shigo gari bayan la'asar da yunwa, matar da nake cin abinci a wurinta ta karkato mini tukunya ta nuna mini ƙanzo tana dariya. Ranar nan da burodi da lemon kwalba muka yi buɗa-baki. Don haka ku ci na rana kafin ku gangara bakin ruwa, kada ku ce sai kun dawo.

Da safe kuwa kada ka wuce mai shayi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kusan ninki biyu na Zariya, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 11, wani lokaci ma ƙasa da haka. A irin wannan safiya za ka tarar da mutane sun jeru a benci da hular sanyi, hannu biyu a jikin kofi, mai shayi yana ɗaga kofi ɗaya sama yana tsiyayo shayin cikin ɗayan har ya yi kumfa, ga kaskon ƙwai yana ƙara a gefe. Ka ce a yi maka mai kauri da citta. Abin da ya bambanta shi da namu na Zariya shi ne dankalin turawa, domin ƙasar ce ke noma shi, daga Bokkos da Mangu ake lodinsa zuwa ko'ina, saboda haka soyayyen dankali da ƙwai a can abincin talaka ne. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi 'yan canji, domin da zarar ka fita daga cikin gari sabis yakan yi wasa, kuma babu daɗi mutum ya gama ci ya tsaya yana jiran taransifa ta shiga.

Malama Saratu, Wusasa:

Sannunku da tattaunawa. Ni haifaffiyar Wusasa ce, amma mahaifiyata 'yar Filato ce, kuma a can na yi yawancin hutun makaranta, don haka bari in amsa batun yanka ba tare da kwana-kwana ba, domin damuwar maiɗakinka tana kan hanya. Gaskiya ne akwai wuraren da ake sayar da naman alade, akwai kuma inda ake cin naman kare, kamar yadda ake samun gidajen burkutu a ƙauyuka. Amma ba a ɓoye suke ba, kuma ba a haɗa su da abincin kowa da kowa. Masu gidajen abinci sun saba da baƙi Musulmi, kusan kowa yana jin Hausa, kuma idan ka gaisa da kyau ka ce, “Mama, sannu da aiki, naman daga ina ne?” ba za ta ji haushi ba, za ta gaya maka ko daga mahauta ta saya ko kazar gida ce aka yanka. Abin da ke ɓata rai shi ne mutum ya shigo yana yatsina fuska yana leƙa tukwane kafin ya yi sallama. Idan zuciya ba ta kwanta ba, a ce a zuba ba nama, ko a nemi kifi. Idan kuma ana son inda ba sai an yi tambaya ba, to Bukur tana kusa da Rayfield kuma cike take da Hausawa, haka ma titin Bauchi da kewayen Masallacin Juma'a a cikin Jos, inda masa da miyar taushe da tsire ba su da bambanci da na gida.

Sai dai zan ji takaici idan kuka yi wannan doguwar tafiya kuka dawo ba ku ɗanɗani gwate ba. Ɗan'uwan faten tsakinmu ne, amma da acca ake yin na asali, a zuba gauta da yakuwa da alayyafo, wani lokaci da kabeji, a bar shi da ɗan ruwa-ruwa yadda za a sha da cokali ko ludayi. Ɗacin gautan da tsamin yakuwan su ne daɗinsa, kuma yana zuwa da zafi yana tururi, wanda ya cika sharaɗin Hajiya. Yara sukan yamutsa fuska a cokalin farko, kafin a ankara sun miƙo kwano. Akwai kuma tuwon acca da kunun acca, masu sauƙi a ciki ga wanda zai hau dutse. Lokacin da za ku je ya dace da kakar sitiroberi, wanda ake nomawa a wajen Vom ana tallarsa a ƙananan robobi a bakin titi. Ku saya, amma ku wanke da ruwanku kafin yara su kai baki.

Abu biyu kuma. Ranar Lahadi da safe yawancin waɗannan wurare a rufe suke sai an taso daga coci, don haka ku karya a unguwar Hausawa. Sannan tafkin Rayfield tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika, zurfinsa ba ya tafiya a hankali kamar na rafi, saboda haka idan kuka zauna cin gasasshen kifi a bakinsa, a zaunar da yara ta ɓangaren tudu.

Malam Ɗanliti direba, Kwangila:

Na manta da batun Kura Falls. Wurin yana cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi, tafiyar fiye da awa guda daga Jos, kuma tafkunan nasa madatsu ne da aka gina domin samar wa ma'aikatar kuza wutar lantarki tun zamanin Turawa. Kyau kam akwai shi, amma kada ka sa ran gidan abinci a bakin ruwan. A garin Barikin Ladi za ku ci, ku sayi ƙosai ko masa a ƙunsa muku. Yankin kuma ya sha fama da rikici, saboda haka ka tambayi direbobin tasha a safiyar ranar, idan suka ce a dakata to a dakata, idan kuma an tafi a juyo kafin la'asar.

Habibu, Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida duka, kuma mun yi sulhu: za ta yi dambun nama da cincin kamar yadda Hajiya ta ce, kula kuma za ta zauna a gida, amma filas zai bi mu domin mai shayi ya cika mana kafin mu gangara bakin ruwa. Kura Falls mun bar shi sai abin da 'yan tasha suka ce. Malama Saratu, saura tambaya ɗaya daga wajenta: idan gwaten ya karɓe ta, a wace kasuwa za ta sami acca wankakkiya marar tsakuwa da za ta taho da ita Zariya?