Neman kalma: me za a ce wa "fiscal responsibility" kafin ƙarfe huɗu?

Mai fassarar rediyo: Salamu alaikum malamai. Ina da shiri ƙarfe huɗu a kan giɓin kasafin kuɗi. Giɓi dai kowa ya san shi. Amma baƙona, masanin tattalin arziki, ya yi ta maimaita "fiscal responsibility" a hirar da na naɗo, har da sunan dokar da marigayi 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a 2007. Ita ce ta tsaya mini a maƙoshi. A agaza.

Tsohon edita: Wa alaikumus salam. Tsuke bakin aljihu. Kunnen mai sauraro ya saba da ita, ka wuce wurin.

Malamar jami'a: Baba, da girmanka, wannan ta riga ta yi miji. Tsuke bakin aljihu ita ce irin abin da aka sha a zamanin SAP, shirin sauya fasalin tattalin arziki na Babangida, daga 1986: janye tallafi, rage ma'aikata. Dokar 2007 ba ta hana kashe kuɗi ba. Cewa ta yi kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai in majalisa ta amince da wani adadin, kuma in za a ci bashi a ci shi don manyan ayyuka da gina al'umma, ba don biyan albashi ba. In ka ce tsuke aljihu, ka shigar da mai sauraro jam'iyyar masu cewa a rage komai tun bai ji hujja ba.

Ɗalibi: To riƙon amanar baitulmali fa?

Mai kishin Hausa: Kun fara ko? An gudu daga Turanci an faɗa Larabci. Baitulmali! Kakanninmu ba su da wurin ajiya ne? Na shekara biyu ina kawo "amanar rumbu" a nan ana share ni. Magidanci ya san abin da ya zuba a rumbu bayan girbi, ya san ranar da zai buɗe, ba ya awo da babban kwano a watan kaka ya zo yana cin bashi da bazara. Ga ma'ana, ga hoto, ga gajarta.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ita amanar daga wane gari ta zo?

Mai kishin Hausa: Yaro, amana ta zama 'yar gida. Amma in ita ce damuwarka, "tsaron rumbu".

Tsohon edita: Ka faɗi tsaron rumbu a rediyo ƙarfe huɗu, wallahi manoma za su matso da kunne su ji maganin ɓera da gara.

Malamar jami'a: Ni ba asalin kalmar ne ya dame ni ba, Malam, hoton ne. Rumbu ba ya buga hatsi. Gwamnati kuwa tana da babban banki mai buga kuɗi a gefe. Bashin da gwamnatin tarayya ta ciwo daga CBN, babban bankin Najeriya, a hankali a hankali har ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta amince a 2023 a mayar da shi bashin dogon zango, wane magidanci ne ke da irin wannan ƙofar baya? Kuma rumbu na koya wa mutum cewa kowane giɓi sakaci ne, alhali doka da kanta ta bar wa giɓi hanya.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, kashi 3 ɗin ce. Amma ku 'yan Najeriya kullum ku yanke kalma a Kano ku aiko mana kamar takardar haraji. Rumbu ta fi kama kunnen mutanenmu.

Tsohon edita: Wa ya ambaci Kano? Ni Bazazzagi ne.

Ɗan Maraɗi: Ai ya fi muni, Baba.

Mai kishin Hausa: Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa. Masu digiri ne ke jin kunyar rumbu, wai ƙauyanci. Da Bature ne ya kawo ta da tuni an sa ta a ƙamus.

Malamar jami'a: Ni a gidan da ke da rumbu uku aka haife ni, Malam, kada mu je nan.

Mai fassarar rediyo: Jama'a, uku da kwata fa.

Malamar jami'a: Tsantseni. "Tsantseni wajen kashe kuɗin gwamnati." Mai tsantseni ba marowaci ba ne, yana kashewa, amma yana duba inda zai taka.

Tsohon edita: Ta yi tsawo, kuma ta bar haraji da cin bashi a waje, dokar kuwa ta shafe su. Sai dai ka ce "tsantseni da dukiyar gwamnati". Sunan dokar kuma kada ka wahalar da kanka: dokar sa ido kan kasafi da bashi ta 2007.

Mai fassarar rediyo: Na ɗauki ta Baba. Zan yi bayanin kashi 3 ɗin sau ɗaya a farko, daga nan sai tsantseni kawai. Na gode, na shiga situdiyo.

Mai kishin Hausa: Tsantseni dai Hausa ce, ban ƙi ba. Amma ka jefa rumbun ko sau ɗaya ne a matsayin misali, mu ji ko wani zai bugo waya ya ce bai gane ba.