Neman kalma: me za mu kira "pulsation" ta taurari masu ƙarancin shekaru?

Ɗan Tibiri: Salamu alaikum. Ana shirya darasin taurari da Hausa don 'yan lise a nan Maradi, kalmar nan ta gagara. Wasu sun ce "ƙyalƙyali". Malam, ya kuka gani?

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙyalƙyali aikin iskar duniyarmu ne. Wannan kuwa jikin tauraron ne ke kumbura ya sace. Ƙasa da fatarsa, inda zafi ya kai wajen digiri 40,000, iskar heliyom na rasa elektoron na biyu (ɗan ƙanƙanin ɓangare na ƙwayar zarra), abin da ke sa ta iya tare haske. In wurin ya matsu sai ya tare haske, zafi ya taru ya tura waje. In ya faɗaɗa hasken ya fice, wurin ya koma ciki. Ni "numfashi" na zaɓa.

'Yar Madarumfa: Malam, numfashi ya dace in duk jikin ke kumbura tare. Galibi gefe ne ke tashi, gefe na lotsawa, kamar fatar kalangu, kuma salo da yawa lokaci guda. A ce "kaɗawa", a bar wa wancan numfashi. A nau'in taurari masu kaɗawa da ake kira Delta Scuti, zagaye ɗaya daga wajen minti 20 ne zuwa awa 8.

Malam na Zariya: Na yarda, 'yata. Tauraro mai ƙarancin shekaru kuma a kira shi "ɗanye", don bai fara ƙona haidirojin a cibiyarsa ba, daga matsewa yake samun zafi. Masanin taurari Michel Breger ya gano irinsu biyu masu kaɗawa a gungun taurarin da ake kira NGC 2264 a 1972.

Ɗan Tibiri: Yaya, "modélisation" fa? Samfuri?

'Yar Madarumfa: Samfuri na kasuwa ne, ƙanena. "Kwaikwayon lissafi". Za ka ɗauko awon haske na TESS, na'urar hangen taurari da ke sararin samaniya, kwana 27 a kowane yankin sama, ka tace da lissafin Fourier, mai rarraba kaɗawar da ta cakuɗe, ka fidda yawan kaɗawa a yini. Sai ka gina tauraro a kwamfuta da manhajar MESA, mai nauyi ninki 1.5 zuwa 4 na rana, manhajar GYRE ta lissafa kaɗawarsa, ka gwada da awo. Matsala uku: ƙurar da ke kewaye da ɗanyen tauraro tana dushe haske ba tsari, jujjuyawarsa tana raba kaɗawa ɗaya gida-gida, sannan kwana 27 ba sa bambance biyu da ke kusa da juna, sai su fito kamar guda.

Ɗan Tibiri: To na rubuta su. Saura "fréquence".